Ƙwai Biyu na Barira

Metir Kiyari ya aiko da takarda,
da Faransanci, layi bisa layi.
Lawali ya karanta mini yana tuntuɓe:
kifin teku, ayaba, wani hatsi da ba a shuka shi a nan,
ruwa lita uku kullum.
Na yi dariya har ɗankwalina ya zame.
Lita uku, a Damagaram,
inda famfo ke kwana huɗu yana tari bai tofa ba,
inda mai garuwa ke amsa gaisuwa da hanci.

Na ninke takardar, na sa ta ƙarƙashin randa.
Abin da ya gina cinyar raƙumi
ba daga teku aka kawo shi ba.

Kafin ladanin Birni ya gyara murya
dabino uku, ruwa rabin moɗa.
Ko loma ba ta ƙarawa.
Cikakken ciki ba ya gudu, Inna, in ji ta.
Sai ta ɗaure takalman da suka sha faci sau biyar,
ta kama hanyar Mirya,
ta wuce duwatsun nan da suka durƙusa kamar giwaye,
ni kuwa in hura wuta.

In ta dawo, gishiri ya yi mata zane a wuya,
fura na jira, da nono, babu sukari,
da ƙwai biyu dafaffu.
Dala arba'in ke nan,
ribar kwano shida na kopto a Kasuwar Dole,
zogalen da na tsinke ganye-ganye har yatsuna suka yi kore.
Lawali na zaune gefe da kokonsa na kunu.
Ba ya roƙo.
Ɓawon kawai yake tattarawa yana murƙushewa a tafi.

Da rana wake, da dambu, da man gyaɗa cokali guda.
Ran sunan ɗan Yagana aka miƙo mata alkaki,
zuma na tsiyaya,
ta sunsuna, ta miƙa wa na kusa.
Mata suka ce, wannan yarinya aljanu ne da ita ko ciwo?
Na ce tsere ne da ita.

Wata Laraba Metir ya shigo ya tarar tana ɓarzar fara,
soyayya, da yaji, ƙafafu a leɓenta.
Na tashi zan ɓoye faranti.
Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya jefa baki,
ya ce, manta da kifin, Hajiya.
Ban je Makka ba, amma na amsa.

Da za su Yamai na ɗaura mata gumba a leda,
cukwi huɗu, kilishin jika ɗaya da na ci bashinsa.
Wuni guda cur a mota.
A wayar maƙwabci na ji sakamako:
ta huɗu.
Na uku ake ba ƙarfe a rataya a wuya.
Daƙiƙa uku ce tsakani, in ji su.
Daren nan ban runtsa ba, ina ta lissafi:
daƙiƙa uku ƙwai nawa ne?
Tiya nawa ta gero?
Ko ranar nan ce da na tsarma nonon da ruwa?

Ta dawo ba ta ce komai ba.
Ta yi barci har hantsi, ƙafa ɗaya a waje da tabarma.
Washegari dabino uku, rabin moɗa, hanyar Mirya.

Da na ajiye mata ƙwan na juya ga murhu,
amma murfin tukunya ma madubi ne.
Na ga ta raba ɗaya da farce,
ta tura gwaiduwar cikin kokon Lawali,
ta ɗora yatsa a baki.
Hannun ya saba. Ba ranar ta fara ba.

Na ci gaba da tuƙa tuwo.
Hayaƙi ne ya shiga idona.

Gobe uku zan dafa.
Yadda za a yi da mai kilishi,
sai goben.